Malfar da Ta Rufe Rijiya

Ku da kuke zaune gaban kwamfuta a shagon nan kuna jan hoto da ɗan yatsa, na ji abin da kuka ce rannan da aka kawo muku aikin fastar rigakafi. Wai ba wani aiki ba ne, a ɗauko hoton jariri a waya, a liƙa rubutu a ƙasa, a tura wa inji. Ban tanka muku ba don bakina cike yake da goro, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni Haladu, wanda ake ce wa Haladu Mai Fenti daga nan Gumel har Maigatari, a zanen cuta na tsufa. Abokan sana'ata wasu zaki suka zana a bayan manyan motoci, wasu 'yan siyasa suna murmushi. Ni rabona ya faɗa kan ƙuraje da tari da mutum riƙe da ciki, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba.

Aikin farko da maigidana Baba Tanko ya ba ni shi ne wankin burushi, na kuma daɗe a kansa har na fara zaton ya manta ina da hannu. Burushinsa ba na kanti ba ne. Gashin jelar akuya yake yankowa, ya daidaita bakinsa da reza, ya cusa a siririn kara, ya naɗe da zare, ya shafe da ƙaro. Mai kauri na cika fili kuwa da jelar saniya ake yinsa. Baƙi mu kankare gindin tukunya mu dama da ruwan ƙaro, ja daga jan ƙasa, shuɗi daga bular wanki. Fentin gwangwani sai aikin allon waje wanda ruwan sama zai daka, shi ma sai an sirka shi da kananzir daidai wa daida: in ya yi ruwa ya zubo ya ɓata fuska, in ya yi kauri rana ta fasa shi tun kafin kaka. Babu ma'auni, da hanci da ɗan yatsa ake ganewa. Ranar da ka bar burushi ya bushe da fenti a jikinsa, Baba Tanko ba zai zage ka ba. Akuya zai nuna maka, ka je ka kama ta da kanka.

Bangon zaurensa cike yake da tsofaffin fastoci, wasu tun zamanin En'e, takardar ta yi ja ta bushe, in ka taɓa da gaggawa sai ta ɓalle. Akwai ta lambar agana, mutane sun jeru kowa ya naɗe hannun riga. Akwai ta kuturta, akwai ta tarin fuka, wani na tofar da kaki a gwangwani mai toka. Wasu daga nesa aka bugo su, wasu shi ya zana aka kai birni aka buga. Ku ba ku ga agana ba, Allah kada ya nuna muku. Ni na tashi na tarar da fuskokin da ta bari, shi ya sa ban taɓa kallon takardun nan a matsayin ado ba. An taɓa tsare Baba Tanko a kan zanen abu mai rai, ya tashi ya je wurin malaminsa ya tambaya. Aka ce masa abin da zai kare rai daban yake da abin ƙawa. Daga ranar bai sake waiwayar maganar ba.

Da ya ga na isa riƙe gawayi, hannaye ya sa ni kwafa daga fastocin nan, ba fuska ba, ba rubutu ba. Hannu riƙe da moɗa, hannu yana cuɗa ɗan'uwansa da toka, hannun uwa a ƙarƙashin ƙeyar jariri. Na gaji har na yi ƙorafi. Ya ce mutumin ƙauye ba rubutun yake karantawa ba, hannun yake kallo ya ga me aka ce ya yi. Na gane gaskiyarsa da muka fara aiki da yankakken kwali, wanda ake ɗorawa a kan yadi a goga fenti don a samu hoto iri ɗaya da yawa. In ka kifa kwalin ta baya, uwar da ke ba ɗanta ruwan gishiri da sukari sai ta koma ba shi da hagu. Da idona na ga damin fastoci masu kyau, takarda mai sheƙi, an bugo su haka. Babu macen da ta ɗauki shawarar wadda ke shayar da ɗanta da hagu. A wurin masu tsire suka ƙare.

Wani allo da na yi a Maigatari shi ya koya mini sauraron mutanen da ba su suka ba ni aiki ba. Allon kurkunu ne, a bakin kasuwar shanu, ranar Alhamis. An ce in sa rubutun boko da ajami da Faransanci saboda mutanen ƙetare, na kuma sa, na zuba gwaninta, na zana tsutsar tana fitowa daga cinyar mutum, doguwa, ta yi lanƙwasa mai kyau. Ina tattara kayana sai wani dattijo mai raƙumi daga wajen Damagaram ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mushe," wato malam a bakin mutanen ƙetare, "wannan kurkunun naka bai taɓa cin mutum ba." Na ji haushi, don a lokacin kaina na rawa. Sai ya ɗage wandonsa ya nuna mini tabo a idon sawu. Ya ce nan take fitowa, kuma ba ta lilo haka, a tsinke ake naɗe ta kaɗan-kaɗan, mutum yana zaune ya miƙe ƙafa ya kasa zuwa gona. Na goge, na sake a gabansa, yana gyara mini da bakin sandarsa. Da na gama, mutane suka fara tsayawa suna nuna wa juna, kowa na cewa haka ta yi wa babansa. Sai a lokacin suka kalli ɗaya ɓangaren, inda mace ke tace ruwa da ƙyalle.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Malaman asibiti suna son komai ya fita tsaf, masu kemis suna son ƙwaya ta fi mutum girma. Masu maganin gargajiya na kasuwar Gagarawa su ne gwanayen rigima, don kowa so yake a cika masa yadi guda da basir da shawara da ciwon daji, har da wanda bai san kamanninsa ba. Na yi wa da yawansu, abinci ne. Amma wani ya ce in zana yaro mai sanƙarau a gefe ɗaya, a ɗaya gefen yana tsalle da kwalbar maganinsa a hannu. Na ce ya nemi wani. Na san abin da sanƙarau ke yi, na kuma san akwai uwar da za ta gaskata hoton ta ƙi zuwa asibiti.

Yanzu bari in ba ku labarin mummunar shekara, shekarar amai da gudawa. Wajen ƙarshen damina ta ɓarke a ƙauyukan Sule Tankarkar. Mu masu fenti ba mu huta ba, har yadin akoko ya ƙare a kasuwa muka koma buhunan taki da bangon mutane. Da sababbin fastoci suka ƙare, ma'aikatan lafiya suka buɗe sito suka kwaso tsofaffi, ciki har da wata da Baba Tanko ya zana tun yana da ƙarfinsa. Ba laifinsu ba ne, ni ma da haka zan yi, don hoto ne mai kyau. Mutum ne tsugune kusa da rijiya ya riƙe ciki, ƙudaje na yawo, ga tulu a buɗe. Da malfa a kansa, da sanda a gefensa.

Wata safiya Malam Ado duba-gari ya tsaya a ƙofar shagona, ko sauka daga babur bai yi ba ya ce in ɗauko kayana. A wani ƙauye ne bayan Ɗanzomo, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsu na nan. Rijiya ɗaya ce ta siminti, manoman garin da rugar Ardo Manu suke sha tare tun iyaye. Ado ya liƙa fastar a jikin gawon da ke bakin rijiyar. Mutanen garin, waɗanda suka riga suka binne nasu suna neman wanda za su ɗora wa, suka kalli malfa suka kalli sanda, suka ce shi ke nan, gwamnati ma ta san wanda ya kawo cutar, ga shi ta zana shi. Suka ja ƙaya suka tare hanyar da ta fito daga ruga, samari suka zauna gadi. Ado ya yage fastar, abin ya ƙara lalacewa, aka ce an toshe masa baki da rago don ya ɓoye gaskiya. Yanzu mutanen ruga a tafki suke sha tare da shanu, yara sun fara kwanciya. In ba a buɗe musu rijiyar ba, tafkin nan zai ƙarar da su.

Na ce mu biya ta wurin Baba Tanko tukuna. Lokacin idonsa ya tafi, yana zaune a zaure. Da muka ba shi labari na ga abin ya soke shi.

Ya ce, "Haladu, manomi na zana. Lokacin da na yi hoton nan wa ke zuwa gona ba malfa? Sandar kuma ta dogarawa ce, mutum ba shi da lafiya."

Gaskiya ne. Zamani ne ya juya, manoma suka koma hular kanti, malfa ta zama ta makiyaya, hoton yana kwance a sito bai sani ba. Na tambaye shi wace hula zan sa wa sabon. Ya ce kada in sa ko ɗaya, kuma in kiyaye ƙa'idar sana'a: marar lafiya a allo ba shi da gari, ba shi da dangi, ba a ba shi fuskar da wani zai gane. Ban da cin mutunci, mutanenmu suna ɗaukar zana sananne cikin ciwo a matsayin kira masa ciwon.

Muka ɗaure fallen kwano a bayan babur muka kama hanya. Ta tafkin muka fara bi. Ruwan kore ne, shanu na ciki har gwiwa, mata na ture kainuwa da ƙwarya suna ɗiba. Ardo Manu, dogo, tsoho, ya tarbe mu a tsaye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce jikokinsa ne kwance, mace da ƙanenta. Ya ce yana riƙe da samarinsa da ƙyar, kuma ba zai iya riƙe su har abada ba. Ku sani, mu mutanen ƙasar nan da Fulani abokan wasa ne, ba a haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba. Ranar ko kalma ɗaya ta wasa ba ta shiga tsakaninmu ba, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Na roƙe shi ya zo bakin rijiya ya tsaya ta bayan ƙayar, kada ya ce uffan.

Bulama Isiyaku, mai garin, ya fito da mutanensa. Na faɗi na yi gaisuwa, na gaya masa abin da Baba Tanko ya ce. Wani tsoho ya tabbatar cewa mahaifin Bulaman ma da malfa aka san shi. Bulama ya sunkuyar da kai. Na lura ya gane, amma bayansa akwai mutanen da suka yi makoki, ba zai iya juyawa haka kawai ya ce musu sun yi kuskure ba. Ya ce to in zana sabo a gabansu su gani.

Na jingina kwanon a gindin gawo, na shafe shi da fari, na jira ya sha iska, na fitar da jiki da gawayi. Mutum tsugune, hannu a ciki, tulu a buɗe. Na yi masa kai ba hula, fuska ba ta kowa ba, yadda aka koya mini. Ban ko ajiye gawayin ba wani daga baya ya ce, ai shi ne dai, cire malfar ya yi don kada a gane shi. Aka ɗauka da guna-guni. Na tsaya ina kallon kwanon. In na sa masa hular gari, na zagi masu gari a gaban rijiyarsu. In na bar shi haka, su za su cika masa fuskar da suke so. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ƙudura ba zan ɗaure kwanon nan in koma Gumel da ƙayar nan a wurin ba.

Na je na kwance madubin babur ɗin Ado, na ba shi ya riƙe mini. Na goge kan da tsumma, na ɗauki siririn burushi na fara. Allah ya yi ni da kunnuwa, kun dai gani, ba sai na yi bayani ba. Da su na fara, ban kuma rage komai ba. Na sa wushiryata, na sa tabon da ke girata, na ɗora jar darata da duk kasuwannin yankin suka sani, har da ɗigon fenti a gefenta. Na zurma idanun, na busar da leɓen, don haka cutar ke yi. Can sai wata mata ta ce ita fa ta san kunnuwan nan. Wata tsohuwa ta yi salati, ta ce in goge, in goge maza, kada in jawo wa kaina, ina da iyali. Ban ce tsoro bai taɓa ni ba, ni ma a cikin wannan ganin na tashi. Na yi bisimilla na ci gaba. Daga baya da aka ba Baba Tanko labarin na karya masa ƙa'ida, abin da ya tambaya kawai shi ne ko na rage kunnuwan.

A ɗaya rabin kwanon na sake zana kaina, ina wanke hannu da toka, tulu a rufe, tukunya a kan wuta, guga a rataye. Sannan na juya wurin Bulama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga mai cutar nan. Ba ƙarya na zana ba. Ta taɓa kwantar da ni ina saurayi, a tsakiyar Gumel, unguwar da ko akuya ba ma kiwo balle saniya. In akwai wanda za a hana ruwa, ni ne."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya toshe baki. Wani ya kama. Kafin ka ce me, har samarin da ke gadin ƙaya sun matso suna nuna kwanon suna nuna ni, ana gwada kunnen hoto da na gaske. Mutanen da suka kwana biyu ba su yi dariya ba, in ta zo musu ba ta tsayawa. Na tsaya ƙiƙam na bari suka ƙoshi. Bulama bai yi dariya ba, amma ya samu ƙofar da yake nema. Ya bari hayaniyar ta lafa, ya ce tunda mai cutar ɗan birni ne, a janye ƙayar nan. Ado ya yi wuf ya kafa doka tun zuciya na sanyi: guga ɗaya ga kowa, a rataye a kan itace, ba a ajiye shi ƙasa, na gari da na ruga kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa igiya.

Ardo Manu ya tako ta inda aka janye ƙayar. Bai kalli Bulama ba, bai kalli rijiyar ba. Ya zo gaban kwanon ya dogara sandarsa ya ƙare masa kallo, sannan ya juyo gare ni, fuska a murtuke.

Ya ce, "Sannu, Malam. Ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, Ardo."

Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi. Amma ka rage zuwa bakin rijiyar mutane."

Nan Bulama ma ya kasa daurewa. Ruwan farko da aka jawo, surukar Ardo ta ɗora a ka ta nufi ruga da sassarfa, Ado ya bi ta da ƙullin gishiri da sukari. Yaron bai kai ga ruwan ba, sun tarar ya cika tun muna bakin rijiya muna gardamar hula. Yayarsa ta sha, ta kuma tashi.

Kwanon ya daɗe a gindin gawon nan har tsatsa ta cinye shi, amma gaisuwar ba ta ƙare ba. Har yau in na shiga kasuwar Ɗanzomo ba mai ce mini ya aiki. Ya jiki ake ce mini, manya da yara, har waɗanda ba su san mafarin abin ba, ana yi ana dariya, ni kuma in amsa da sauƙi. Jikar Ardo tana nan, ta zama uwar 'ya'ya, tana kawo nono kasuwa. Ita ma haka take gaishe ni. Sai dai ita takan sauke ƙwaryarta ta durƙusa har ƙasa, kuma ba ta dariya.